Aikin Gayya da Kiyaye Hurumin Jama'a a Yankunan Masana'antun Kano: Sharaɗa, Calawa da Bompai

1.0 GABATARWA

Duk sa'ad da aka ta da maganar kula da daji da hanyoyin cikinsa, hankalin yawancinmu yakan tafi nesa, zuwa dajin Falgore da ke kudancin Jihar Kano, ko kuwa dajin Yankari na Jihar Bauci. Ba kasafai mukan tuna ba cewa a cikin birni ma akwai ƙasar da babu mai takardarta, amma kowa yana da hakki a cikinta. Irin wannan ƙasa ita ce gaɓar rafi, da turbar da ma'aikata ke bi da sassafe, da burtalin da shanu ke gangarawa mashaya, da inuwar da ta rage a bayan katangar masana'anta.

Manufar wannan takarda ita ce ta duba halin da irin wannan ƙasa take ciki a manyan yankunan masana'antu uku na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Calawa, sa'an nan ta bayyana yadda aikin gayya zai taimaka wajen kiyaye ta. Za mu fara da ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su, mu waiwayi yadda magabata suka kula da hurumi, mu ga abin da zuwan masana'antu ya canza, mu kuma leƙa wasu ƙasashe don neman darasi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, gayya tana ɗorewa ne idan an san iyakar wurin da za a kula da shi, an san masu alhakinsa, an kuma san lokacin fita. Haka nan akwai aikin da ya fi ƙarfinta, wanda doka ce kaɗai za ta iya sa a yi shi.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

2.1 Gayya

Gayya ita ce taruwar mutane bisa kira domin su yi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba tare da an biya su lada ba. Iri biyu ce. Akwai gayyar mutum, kamar ta noma da girbi da ɗaukar jinka, inda mai gayya yakan tanadi fura da goro, wani lokaci har da makaɗa, ya kuma san cewa ran da aka kira shi gonar wani tilas ya je. Akwai kuma gayyar gari, kamar sharar maƙabarta da filin Idi, da yasar rijiya, da gyaran hanya bayan damina. Wannan ta biyu ita ce ta shafe mu. A Hausar yau an fi kiranta aikin sa kai, masu yinta kuma ƙungiyoyin taimakon kai da kai.

Idan muka lura, kowace gayya tana da sigogi uku. Na farko, mai kiranta sananne ne, kuma ana jin nauyinsa. Na biyu, lokacinta sananne ne, domin yana bin damina da rani. Na uku, aikin yana da iyaka: a gona kowa da kunyar da zai fitar, kuma idon jama'a yana kan wanda ya noƙe.

2.2 Hurumi, burtali da turba

Hurumi shi ne filin da aka keɓe a kewayen gari domin amfanin jama'a, ba a noma shi, ba a gini a cikinsa. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani a kan filin da ya wajaba a bari a kewayen rijiya da kogi da gari, don kada wani ya toshe wa jama'a hanyar amfani da su. Burtali kuwa hanyar dabbobi ce da ke ratsa tsakanin gonaki, wadda akan shinge da aguwa ko cini-da-zugu, ta haɗa makiyaya da mashaya. Turba ita ce siririyar hanyar ƙafa. A wannan takarda za mu faɗaɗa kalmar hurumi ta ƙunshi duk waɗannan, har da gaɓar rafi da kududdufi.

3.0 YADDA AKA KULA DA HURUMI A DA

Babu shaidar ƙarfin aikin taro a ƙasar Kano da ta wuce ganuwar birni. Tarihi ya nuna cewa an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Gini ne na ƙasa, kuma kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa. Abin da ya tsai da shi ɗaruruwan shekaru shi ne yaɓe da gyara a kai a kai, da hannun jama'a, a ƙarƙashin masu sarauta. Kowace ƙofa tana da sarkinta. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama kududdufai, suna tara ruwan sama suna rage wa unguwanni ambaliya. Ba mu ce duk wanda ya ɗauki ƙasa a wancan zamani da son ransa ya ɗauka ba, domin akwai bayi, akwai kuma umurnin sarki. Darasin da muke nema shi ne na tsari: wuri sananne, mai alhaki sananne, gyara kowace shekara. Ran da wannan tsari ya tsaya, ganuwa ta fara zubewa, kuma kowa ya ga abin da ya rage daga cikinta a yau.

A karkarar da ke kewaye da birni ma haka abin yake. Binciken da Michael Mortimore ya yi a shekarun 1960 ya nuna cewa ƙasar da ke zagaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a wannan yanki na Afirka. Ana noma gona kowace shekara ba a barinta ta huta, jakuna suna kai itace birni suna dawowa da taki, manomi kuma yana barin ɗorawa da gawo da tsamiya da kuka a tsakiyar gonarsa. A inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, hurumi ba ya da faɗi, saboda haka akan sa masa ido ƙwarai. Idan wani ya ci burtali da taki biyu, kafin shuka ta yi tsawo magana ta kai gaban mai unguwa ko dagaci. Sharaɗa da Fanshekara da sauran ƙauyukan da masana'antu suka zauna a gonakinsu daga baya duk cikin wannan karkara suke.

4.0 ZUWAN MASANA'ANTU

Bompai, wadda ke arewa maso gabas da tsohon birni, ita ce mafi daɗewa, domin tun shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a cikinta. Sharaɗa, a kudu maso yamma, ta bunƙasa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, aka yanka ta kashi uku. Calawa ta biyo baya, can kusa da Fanshekara a gaɓar kogin da ta ci sunansa. A waɗannan wurare aka kafa masaƙu, da majemun zamani, da masana'antun robobi da man gyaɗa da sabulu da kayan zaƙi. Dubban magidanta sun ci abinci a nan, kuma ba nufinmu ba ne mu raina wannan alheri. Sai dai hurumi ya biya wani kaso na kuɗin, ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce katanga. Da aka yanka filaye, taswirar masu awo ta nuna tituna da fulotai, amma turba da burtali ba su cikin abin da takarda ta sani. Hanyar da take miƙe daga ƙauye zuwa rafi sai ta ci karo da bango, mai tafiya a ƙasa da mai kora shanu suka koma gefen kwalta suna gogayya da manyan motoci.

Hanya ta biyu ita ce ruwan da masana'antu ke zubarwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da kogin Jakara, ya ƙare a madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na Calawa kuma duk suna gangarawa kogin Calawa. Wannan kogi ne aka kafa wa birnin Kano ma'aikatar ruwan famfo ta farko a bakinsa, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), kuma shi ne yake haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima. Majemar zamani kuwa tana cire gashi da sinadarai masu wari, ta jeme fata da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, kuma ba dukansa fata ke shanyewa ba. Abin da ya rage yana bin ruwa. Masana a jami'o'inmu sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da ƙasar gaɓarsu da ganyen da ake nomawa da shi, sun kuma sami kuromiyam da dalma da makamantansu. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar shara. Suna kwanciya a cikin laka, shuka ta ja su, su shiga jikin dabba da mutum.

Hanya ta uku ita ce sakaci. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar kayan waje masu araha, masana'antu da yawa suka rufe, musamman masaƙu. Harabar da aka bari ta zama kango, bakin ƙofarta ya zama juji, lambatun gabanta ya cika da leda. A ɗaya gefen kuma gidaje suna ta matsowa har bakin rafi, ana cike kududdufai ana gini a kansu.

Duk da haka hurumi bai mutu ba. Mun sha bin gaɓar Salanta tare da ɗalibanmu, kuma duk wanda ya bi ta da hantsi zai tarar da masu lambu suna ban ruwa, da yara 'yan makaranta suna tsallaka rafi a kan duwatsu, da makiyayi yana neman inda shanunsa za su gangara, da lebura yana hutawa a gindin darbejiya. Waɗannan mutane ba su da wani wurin da za su koma. Su ne masu hurumi na gaskiya, ko da yake sunansu ba ya cikin kowane fayil.

5.0 ABIN DA YA RAUNANA GAYYA

Tambaya a nan ita ce, me ya hana jama'ar da ta riƙe ganuwa shekaru aru-aru ta riƙe gaɓar rafi guda? Muna ganin dalilai uku ne.

Na farko shi ne aikin tilas na zamanin Turawa. An kwashi mutane aikin hanya da na dogo, kuma daga 1942 zuwa 1944 an kwashe su haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da jama'a suka sa wa suna ɗiban gwamna. Tun daga nan talaka ya fara ɗari-ɗari da duk kiran aikin da ya fito daga sama.

Na biyu shi ne sauyin iko a kan ƙasa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamnan jiha. Mai unguwa da dagaci, waɗanda suka san inda burtali ya bi, suka rasa ikon hanawa, ma'aikacin da ke da ikon kuwa yana ofis bai san burtalin ba. Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi tanadin keɓe wuraren kiwo, amma siririn burtalin bakin birni bai sami irin wannan kariya ba. Da haka hurumi ya tashi daga kayan jama'a ya koma kayan gwamnati, kuma mun san yadda ake riƙon kayan gwamnati a ƙasar nan.

Na uku shi ne gaurayuwar gayya da umurni. A watan Yuli na 1985, a nan Kano, gwamnatin soja ta ƙaddamar da ɓangaren tsabtace muhalli na shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, wanda daga gare shi muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Shirin ya yi amfani, amma ya koya wa mutane cewa shara abu ne da ake yi don gudun tara. Mutum yakan share ƙofar gidansa ya koma ciki ya jira a buɗe hanya. Turbar da ke bayan masana'anta ba ƙofar gidan kowa ba ce, saboda haka tsintsiya ba ta kai gare ta.

6.0 DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Matsalar kula da ƙasar da ta zama ta kowa ba a kanmu aka fara ta ba. Za mu kawo misalai uku, kowanne da sigar gayyar da yake ƙarfafawa.

A gabashin Amurka akwai wata turba da ke bin tsaunukan Afalashiya, daga Jihar Jojiya zuwa Jihar Maine, tsawonta kimanin mil 2,190, tana ratsa jihohi 14. Benton MacKaye ne ya kawo shawararta a 1921, aka kafa ƙungiyar kula da ita a 1925, aka gama sare ta a 1937. Doka ta ba ta kariya a 1968, kuma a 1984 hukumar gandayen ƙasar ta miƙa wa ƙungiyar ragamar kulawar yau da kullum a rubuce. Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Ƙananan ƙungiyoyi kimanin 30 ne suka kasa turbar a tsakaninsu, kowace ƙungiya kuma takan ba mutum ko 'yan mutane wani yanki da aka san farkonsa da ƙarshensa. Aikinsu shi ne sare itacen da ya faɗi ya tare hanya, da yashe 'yan magudanan da ke kawar da ruwan sama daga kan turba, da sabunta farin fentin da ke nuna hanya, da zagaya iyaka don ganin ko wani ya shigo. Wannan shi ne kowa da kunyarsa, sai dai an rubuta shi.

A Ingila kuwa darasin na taswira ne. A watan Afrilu na 1932 wasu ma'aikata, yawancinsu daga birnin Mancesta mai masaƙu, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, alhali masu ƙasa sun hana, aka ɗaure mutum biyar daga cikinsu. Gwagwarmayar ta ci gaba har dokar 1949 ta wajabta wa hukumomin gundumomi su zana taswirar duk hanyoyin ƙafa da jama'a ke da hakkin bi. Turbar da ta shiga wannan taswira ba a toshe ta sai an bi shari'a. Ya kamata mu lura cewa masu wannan fafutika ma'aikatan masana'antu ne, kamar mutanen Sharaɗa da Bompai.

Misali na uku a ƙofarmu yake. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan abin da suka kira sassaben zamani. Maimakon a ƙone tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta sake samun itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar ta kai kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya ƙarfafa wa manoma gwiwa shi ne tabbacin cewa itacen da suka raina su za su amfana da shi, da kuma kwamitocin ƙauye masu sa ido a kan masu sara. Har ila yau, bayan dokar karkara ta 1993, an kakkafa turakun siminti a gefen burtuloli da yawa a ƙasar, don kowa ya ga iyaka da idonsa.

Idan muka dawo gida, dajin Falgore ya nuna mana ɗaya fuskar. Turawa suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Doka ta kare shi, amma mutanen da ke kewaye da shi ba su da rabo a kulawarsa. A shekarun 2010 ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017, kuma a ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa a sa shi cikin sababbin gandaye goma na ƙasa. Watau doka ita kaɗai, in babu ƙafafun jama'a a kan turba, ba ta tsare daji.

7.0 ABIN DA GAYYA ZA TA IYA DA WANDA BA ZA TA IYA BA

Babban maƙiyin turba shi ne ruwan da ya rasa hanya. Damina a Kano takan kama daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka aikin shekara yana iya bin wannan tsari. A Afrilu da Mayu a yashe lambatu da bakin kwalbati, a kuma kwashe abin da aka fitar nan take, domin in aka bar shi a gefe ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. A Yuni da Yuli, bayan ƙasa ta jiƙa, a dasa itatuwan inuwa a gefen turba, a kuma dasa jema ko gamba a gaɓar da ke zaizayewa, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa. A Oktoba da Nuwamba a cike ramukan da ruwa ya haƙa, a share busasshiyar ciyawa don gudun gobara. Daga nan har faɗuwar ruwa aiki ya koma ban ruwa da gyaran shingen da ke kare dashe daga awaki. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi mantawa. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, amma kafin bazara babu ko ɗaya a raye. Dashe yana bukatar mai kula har ya ƙetare rani biyu. Kayan aikin kuwa ba su wuce shebur da diga da manjagara da adda da baro da safar hannu da dogon takalmin roba ba.

Amma akwai iyaka. Shebur ba ya fitar da kuromiyam daga laka. Tace ruwan masana'anta kafin a sake shi wajibi ne a kan mai masana'anta, tilasta masa kuma aikin hukuma ne. Tun bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, wadda hukumar NESREA ta gaje ta a 2007, jiha kuma tana da ma'aikatar muhalli. Bai halatta a tura samari cikin magudanar ruwan majema da sunan gayya ba, domin ruwan yana cin fata, iskar da ke taruwa a rufaffen rami kuma tana iya kashe mutum. Haka nan bai kamata a dasa itacen da ake cin 'ya'yansa a bakin irin wannan ruwa ba.

Wani zai ce, ashe ba zalunci ba ne talaka ya yi aikin kyauta yana gyara abin da mai kuɗi ya ɓata? Wannan magana tana da nauyi, kuma idan gayya ta zama hanyar sauke wa masu masana'antu da hukuma nauyinsu, gara a bar ta. Amsarmu ita ce, ɗan gayya yana da aiki na biyu bayan na hannu, watau aikin shaida. Mutumin da ke bin gaɓa ɗaya kowane mako shi ne zai fara ganin ranar da ruwa ya canza launi, da daren da aka juye shara, da safiyar da aka kafa harsashin gini a kan burtali. Idan ya rubuta rana da wuri, ya ɗauki hoto, ƙungiya ta kai wa hukuma a rubuce, kukan da a da ake ji a watsar ya zama hujja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma hurumin da ake zagayawa kullum da wuya a ci shi a ɓoye.

8.0 SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari.

(a) A fara da taswira. Ɗaliban sashen labarin ƙasa na kwalejojin ilmi da jami'o'in Kano su zauna da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo da tsofaffin manoma, a zana duk turba da burtali da kududdufi da gaɓar da suka rage a yankunan nan uku, tun masu sanin asalinsu suna raye.

(b) A kai wannan taswira ga hukumar tsara birane ta jiha da ƙananan hukumomin da abin ya shafa, a nemi su amince da ita a rubuce, a kuma kafa turaku a kan iyakoki.

(c) A kasa hurumin gida-gida, gwargwadon abin da mutum goma za su iya gamawa daga hantsi zuwa azahar. Kowane yanki a ba shi ga ƙungiya guda, ko ta taimakon kai da kai, ko ta makaranta, ko ta masu lambu, ko ta ma'aikatan wata masana'anta, a rubuta sunanta a allo a kafa a wurin.

(d) Masu masana'antu, ta hannun rassan ƙungiyarsu da ke waɗannan yankuna, su ɗauki nauyin kayan aiki da irin dashe da ruwan ban ruwa da motar kwashe shara. A bayyana tun farko cewa wannan taimako bai sauke musu wajibin tace ruwansu ba.

(e) A sa makiyaya da masu lambu a kwamiti ɗaya, domin su ne suka fi kowa bukatar gaɓa, su ne kuma suka fi saurin saɓawa a kanta.

(f) Kada a ci tarar wanda bai fito ba, kada kuma a bari gayya ta zama ta wata jam'iyya. Yabo a bainar jama'a ga ƙungiyar da yankinta ya fi kyau ya isa.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa Sharaɗa da Calawa da Bompai suna da nasu hurumi, ko da yake siriri ne, kuma yana ƙara tsukewa kowace shekara. Mun ga cewa magabata sun riƙe irinsa da tsari mai sigogi uku, cewa aikin tilas da sauyin iko a kan ƙasa sun raunana wannan tsari, kuma cewa abin da ya yi nasara a Amurka da Ingila da Nijar bai yi nisa da shi ba. Mun kuma raba aikin ɗan gayya da na mai masana'anta da na hukuma, don kada a ɗora wa ɗaya kayan ɗaya.

Abin da ya fi gaggawa a ganinmu shi ne taswira, domin dattawan da suka san inda burtali ya bi kafin a yi katanga suna ta raguwa, kuma abin da ba a rubuta ba a yau gobe ba shi da mai shaida. Wannan aiki ne da kwalejojinmu za su iya farawa a zangon karatu guda, ba tare da jiran kasafin kuɗin kowa ba. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman labarin ƙasa da na kimiyya da na Hausa, za su duba waɗannan shawarwari, su gyara inda muka yi kuskure, su kuma cike inda muka gaza.